Bakan Turkawa: Itace, Ƙaho Da Jijiya

Bakan da muka gada wurin maharbanmu sanda ɗaya ne: a sare, a fere, a ɗaura tsirkiya. Amma akwai ƙasashen da suka ƙera baka da abu uku manne wuri ɗaya. Yau labarinsa muka kawo muku.

Wannan sana'a daɗaɗɗiya ce. A 1922, da aka tono kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, an tarar da irin wannan baka a ciki, ya shekara fiye da 3,000. Mahayan dawakin tsakiyar Asiya sun yi yaƙi da shi, Turkawan daular Usmaniyya kuma suka ƙware a kansa.

Ga hikimar. In an ja baka, bayansa, wato gefen da ke duban abin harbi, miƙewa yake yi. Cikinsa, gefen da ke duban maharbi, matsewa yake yi. Jijiya tana jure miƙewa, ƙaho yana jure matsi. Sai maƙerin ya sa siririn itace a tsakiya, ya manna ƙahon ɓauna a ciki, ya shimfiɗa jijiyar sa a baya, bayan an daka ta ta zama kamar zare. Danƙon mannewa daga jijiya da kifi ake dafa shi. Kafin a manna, ana tsaga layuka a jikin ƙaho da itacen don su kama juna.

Hannuwan bakan ma ba ɗaya ba ne daga tushe zuwa baki. Kusa da mariƙi ne suke tanƙwaruwa. Bakunan kuwa ana barinsu da tauri, a karkace su gaba, don su sauƙaƙa ja, su kuma cilla kibiya da ƙarfi. Jijiya na bushewa tana jan bakan baya, har bakunan su kusa haɗuwa. Akan bar shi wajen shekara guda kafin a ɗana. Sannan a gasa shi kaɗan kaɗan, ana gyara har hannu biyu su yi daidai. A ƙarshe a rufe bayan da fata, gama laima ce abokiyar gabarsa.

Tsawonsa bai fi metir guda da kaɗan ba, ga sauƙin riƙo bisa doki. Bayan cin Istambul a 1453, aka keɓe filin harbi mai suna Okmaidani, inda ake kafa dutse wurin da kibiyar gwani ta faɗi. Wasu duwatsun sun nuna harbin da ya wuce metir 800.

Da bindiga ta yi ƙarfi, sana'ar ta kusa mutuwa. Abin da ya cece ta shi ne an rubuta ta a littafi a ƙarni na 19, har masu sha'awa suka tada ta daga baya.

To, namu fa? Wane itace ake sarewa, a wane wata, da me ake murɗa tsirkiya? Dattawan da suka sani suna nan da rai. Wanda ya zo gida bana, ya zauna gabansu da takarda, ya aiko ma ƙungiya. Mu huta lafiya.