Iya Abubakar da Lissafin Girgizar Ƙasa

Farfesa Iya Abubakar, haifaffen Belel a ƙasar Adamawa a 1934, masanin lissafi ne da ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya wuce Jami'ar Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila. Masu rubuta tarihinsa sukan tsaya a kan muƙamai, su maimaita cewa ya zama farfesa yana ɗan shekara 28, ba tare da sun ce ga abin da ya lissafa ba.

Aikin nasa yana cikin takardun da ya wallafa a farkon shekarun 1960, musamman ta 1962 a mujallar ƙungiyar falsafa ta Kambirij. Idan ƙasa ta girgiza, motsin yakan ratsa dutse iri biyu: wani yana matsa dutsen yana sakinsa, wani yana karkaɗa shi gefe da gefe. Lissafin da aka saba da shi ya ɗauka cewa iyakar da motsin ke karo da ita shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Ƙasa kuwa tudu da kwari ce. Iya Abubakar ya bi sawun Lord Rayleigh, wanda ya yi wa sauti irin wannan lissafi, ya ɗauki gargadar a matsayin ƙarama idan an gwada ta da tsawon igiyar motsin, sannan ya fitar da yadda motsin ke warwatsuwa, wani irin ya rikiɗe ya koma ɗayan. Masu haƙo man fetur, da injiniyoyin madatsun ruwa irin ta Rusairis a kan Shuɗin Nilu, duk da irin wannan tambaya suke fama, domin da motsin ake gane abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Za a iya cewa shekarun binciken nasa kaɗan ne, kuma lissafin ba ya aiki a inda gargada ta yi yawa. Haka ne. Amma ba a auna takardar lissafi da yawan 'yan'uwanta, kuma ita wannan hanyar, tun asali da sharaɗinta aka gina ta. Manyan kwamfutocin da ke warware sauran a yau ba su samu ba a lokacin.

Daga baya Iya Abubakar ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, ya zama ministan tsaro a gwamnatin Shagari, ya wakilci Adamawa ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007.