Tarihin Daidaita Maganin Imiyunoglobulin ga Masu Ƙarancin Garkuwar Jiki

Imiyunoglobulin sinadaran kariya ne da ake tatso su daga ruwan jinin dubban masu ba da jini, a bai wa wanda jikinsa ba ya iya ƙera nasa. Asalin maganin yana komawa ga Edwin Cohn na jami'ar Harvard, wanda a shekarun 1940 ya gano yadda ake rarrabe ruwan jini da sinadarin etanol mai sanyi. Da farko rigakafin kyanda da ciwon hanta aka yi da shi.

A 1952 Ogden Bruton, likitan yara a asibitin soja na Walter Reed a Amurka, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara takwas da cutar ƙwayoyin bakteriya ke ta kwantar da shi. Gwaji ya nuna babu sinadarin a jininsa. Bruton ya riƙa yi masa allura a ƙarƙashin fata duk wata, cutar ta lafa.

Bayansa sai aka koma allurar tsoka, mai zafi, kuma tsoka ba ta ɗaukar abin kirki. Zubawa ta jijiya kuwa haɗari ce a lokacin, domin sinadarin yana dunƙulewa ya tayar wa jiki hankali. Sai a 1981 Amurka ta amince da nau'in da ake sawa kamar ƙarin ruwa, daga baya aka daidaita a kan miligiram 400 zuwa 600 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk mako uku ko huɗu. A 1991 Ann Gardulf da abokan aikinta a Suwidin suka nuna majinyaci zai iya sa wa kansa a gida, da ƙaramin famfo da allura a fatar ciki ko cinya.

An daɗe ana farautar adadi guda na sinadarin a jini wanda zai wadaci kowa, alhali babu shi. Binciken da aka wallafa daga Oxford a 2010, bayan bibiyar majinyata shekara 22, ya nuna abin da ya tsare wani bai ishi wani ba, musamman mai lalatacciyar hanyar numfashi. Yanzu likita yana duban yawan ciwon huhu, nauyin jiki, kyan jijiya da nisan gida daga asibiti kafin ya zaɓi hanya da adadi. Tun 2007 maganin yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.