Daga Ciwon Barci zuwa Gigin Tsufa: Waiwaye kan Alaƙar Kumburi da Taɓin Hankali

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ra'ayin da ke danganta taɓin hankali da kumburin cikin jiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin tarihin ciwon barci ya riga ya tabbatar da shi.

A shekarun 1930 wannan ciwo, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi Lardin Zazzau, har aka tashi mutanen Anchau aka gina musu sabon gari, Takalafiya. Ma'aikatan lafiya kan bi ƙauyuka suna lalubar kaluluwa a wuyan mutane. Idan cutar ta kai ga ƙwaƙwalwa, hali kan sauya, magana ta rikice, har dangi su ce hauka ne ko iska. Su kuwa likitoci, sai su ɗebi ruwan ƙashin baya su ƙidaya fararen ƙwayoyin jini. Yawansu shi ke nuna ƙwaƙwalwa ta kumbura. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna. A 1973 kuma Greenwood da Whittle na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka buga bincikensu kan wani sinadarin garkuwar jiki, IgM, a ruwan bayan masu ciwon.

A ƙetare ma an bi irin wannan tafarki. A 1930 Tillett da Francis suka gano sinadarin CRP a Amurka, wanda kan hauhawa a jini idan akwai kumburi. A 2000 Franceschi na Italiya ya bayyana cewa tsufa kan zo da ɗan kumburi mai ɗorewa. Bincike-bincike sun nuna cewa, a jimlace, CRP da IL-6 sun fi yawa ga masu ciwon damuwa. Sai dai mu yi hattara: ba a gane ciwon ƙwaƙwalwa da awon jini kaɗai, kuma haɗuwar abu biyu ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Ina darasin ga unguwa irin Rigasa? Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, wanda aka kafa a 1975, yana can ƙetaren Kogin Kaduna. Kafin a kai dattijo can, sau da yawa iyali sun riga sun yanke hukunci: gigin tsufa ne, ko sammu. Alhali ruɗewar da ta auko cikin kwana ɗaya ko biyu takan samo asali daga ciwon huhu, ciwon mafitsara ko wani zazzaɓi, waɗanda duk suna da magani. Gigin tsufa kuwa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru.

Daga ƙarshe, kiranmu shi ne: idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya, a fara duba jikinsa da jininsa kafin a laƙaba masa suna. Jinkirin kwana kaɗan kan iya zama sanadin ajalinsa.