Haƙƙin Soji: Daga Caroy Zuwa Daskarar da Fansho

A watan Nuwamba na 1944, jirgin ruwa ya sauke sojojin Afirka fiye da 1,200 a Dakar. Ana ce musu tirayer na Senegal, amma an ɗebo su ne daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. Jamusawa sun kama su a 1940, suka yi shekara huɗu a tsare. Abin da suke bin Faransa sananne ne: albashin shekarun da suka yi a tsare da kuɗin sallama. An biya wani kaso kafin su taso, aka yi alkawarin cikon a Dakar.

Da aka kai su barikin Caroy, sai aka ce kowa ya kama hanyar gida. Suka ƙi, don sun san wanda ya koma ƙauye ba shi da mai jin kukansa. Da safiyar 1 ga Disamba aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba Hollande ya ce aƙalla 70 ne, wasu masana tarihi kuwa suna cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaba Macron ya kira abin da sunansa, wato kisan kiyashi.

Zaluncin bai tsaya nan ba. A Disamba 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci. Na Bafaranshe yana ƙaruwa, na tsohon sojin Damagaram ko Tawa yana nan inda aka bar shi. Wani tsohon saje na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotun ƙolin mulki ta ba shi gaskiya a 2001, bayan ya rasu. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna kabari.

Mu ma a Nijar mun ga illar tauye haƙƙin soji. A Fabrairun 1992 sojoji suka kame gidan rediyo a Yamai saboda bashin albashi, a 2002 kuma na Diffa suka yi bore kan albashi da halin zamansu. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Ya kamata malamai su koya wa ɗalibai wannan tarihi, su san nauyin kayan da hukuma ke ɗauka ran da ta sa wa ɗan talaka kaki.