Daga tsakuwar makiyayi zuwa kwamfutar duwan: tarihin lissafin kaya

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani aiki da kowannenku yake yi kullum, wato lissafin kaya: me nake da shi, yana hannun wa, yaushe zai ƙare, nawa zan ƙaro. Manyan kamfanoni na zuba maƙudan kuɗi a kan kwamfutocin da ke amsa musu waɗannan tambayoyi. To amma in ka bi sawun abin baya, a bakin garke za ka tsinci kanka.

A ƙasar Iraƙi, kusa da birnin Kirkuk, akwai kufan wani tsohon gari mai suna Nuzi. Masu tonon kayan tarihi sun samo wani curin yumɓu a wurin, mai siffar ƙwai, cikinsa da rami, wanda ya kai shekara 3,500 a duniya. A ciki akwai ƴan tsakuwoyi kusan 50. A bayansa kuwa an rubuta dabbobin da tsakuwoyin ke wakilta: tumaki masu haihuwa 21, manyan raguna 8, sai ƴan tumaki da awaki da bunsuru guda, kuma ga hatimin makiyayin da aka danƙa wa garken. Ka ga dabarar? Mai dukiya ya ba da kiwo, makiyayi zai yi nisa da ita. In ya dawo sai a fasa curin a ƙirga, kowace tsakuwa dabba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya duba rubutun, wanda bai iya ba ya ƙirga tsakuwa, babu mai cutar wani.

Duk wanda ya taɓa ba da habbanaye, ko ya ba ɗan'uwa shanu ya tafi da su mashekari, ya san abin da ya sa aka yi wannan. Muddin dukiyarka tana gaban idonka, kanka ya ishe ka littafi: ka san kowace saniya da sunanta da uwarta. Ranar da ta bar gabanka ta shiga hannun wani, ranar ake bukatar shaidar da ba ta mantuwa.

Rubutu kansa daga nan ya fito a wancan yanki. Allunan yumɓu mafi tsufa da aka tono a birnin Uruk, a kudancin Iraƙi, sun haura shekara 5,000, kuma mafi yawansu lissafin sito ne: hatsi kaza ya shigo, tumaki kaza sun fita, ma'aikata kaza sun karɓi rabonsu. Daga baya, a dokokin sarki Hamurabi na Babila, kusan shekara 3,750 da suka wuce, an tanadi cewa makiyayin haya da ya yi sakaci dabba ta ɓata shi zai biya, amma in zaki ne ya kashe ko annoba ta faɗa wa garke, sai ya rantse, asarar ta koma kan mai dukiya. Irin wannan shari'a ba ta yiwuwa sai an san adadin da aka ba shi tun farko.

Bari mu tsallaka zuwa ga fatake. A shekarar 1494, a birnin Benis na Italiya, wani malamin lissafi mai suna Luka Pacoli ya buga littafin da ya bayyana yadda attajiran garin ke riƙe littattafansu. Kowane ciniki sau biyu ake rubuta shi, inda ya fito da inda ya shiga. Ka sayi atamfa da kuɗi, shafin kuɗi ya ragu, shafin atamfa ya ƙaru. In jimillar ɓangarorin biyu ba ta zo daidai ba, to akwai kuskure ko akwai hannu. Matakin farko da ya gindaya wa ɗan kasuwa shi ne ya zauna ya rubuta duk abin da ya mallaka da duk bashin da ake bin sa, kuma ya gama a rana ɗaya, don kaya ba sa tsayawa jiran mai ƙirga. Alhaji mai mangaza a Maraɗi ko Garwa, yaushe rabonka da yin haka?

Da masana'antu suka girma, littafi da alƙalami suka kasa. Abin mamaki, kamfanin da ya fara sa kwamfuta aikin kasuwanci na yau da kullum mai sayar da shayi da burodi ne. Sunansa Lyons, a Ingila, yana da shagunan shan shayi barkatai. A 1951 kwamfutarsa mai suna LEO ta fara lissafin kayan da gidajen gashinsa ke fitarwa. Daga baya kowane shago yakan bugo waya da rana ya faɗi abin da yake bukata gobe, na'ura ta haɗa, a san yawan abin da za a gasa da dare da motar da za ta kai. Burodi ba ya son kwana, shi ya sa suka riga kowa.

A Amurka kuma, cikin shekarun 1960, wani injiniya mai suna Josef Orliki, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM, ya tsara hanyar da ake kira MRP, wato shirya kayan haɗi tun kafin a bukace su. Kamfanin Black & Decker ya fara aiki da ita a 1964, littafin Orliki ya fito a 1975. Ga yadda take. A ce masana'anta za ta haɗa keke 500 a watan gobe. Kowane keke ƙafa biyu, ke nan ƙafa 1,000. A sito akwai 300, saura 700. In odar ƙafa tana ɗaukar mako shida kafin ta iso, to kwamfuta ta ƙirga baya ta ce yau za a yi oda, ba jibi ba. Haka za ta yi wa sarƙa da sirdi da kowane ƙusa. Kai mai turke raguna don Layya, ai ka san wannan lissafi: daga ranar salla kake ƙirgowa baya, rago nawa, dusa buhu nawa, harawa dami nawa, kuma a saye su da kaka tun suna araha.

Sai dai kamfanoni da yawa sun sha wuya da wannan tsari. Kwamfuta ta ce akwai 300 a sito, a je a tarar 180 ne, don wani ya ɗiba bai rubuta ba. Duk lissafin da aka ɗora a kai ya rushe, aiki ya tsaya. Maganin da suka koma gare shi tsoho ne: kullum a ware wasu kaya a ƙirga su da hannu, a gwada da abin da ke rubuce. Tsakuwar Nuzi ke nan ta dawo.

Japan ta bi wata hanya dabam. A kamfanin Toyota, Taici Ono ya ɗauki darasi daga manyan kantunan Amurka, inda ba a cika kanta sai an ga abin da mai saye ya ɗauke. Ya sa aka liƙa kati a jikin kowane akwatin kayan haɗi. Akwati ya ƙare, katin ya koma baya ya zama oda. Ba a tara kaya, kuɗi ba sa kwanciya a sito. Amma tsarin na bukatar hanya a buɗe kullum. A watan Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke yi musu wani ƙaramin ƙarfen birki, sai ga Toyota ta tsayar da haɗa motoci na kwanaki. Ku da kuka ga Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ba sai an faɗa muku ba: mai sari daga ƙetare dole ya ajiye na ko-ta-kwana, kuma yawansa ya danganta da tsawon hanya da yawan shingayenta.

Abubuwa biyu suka ƙarasa ginin. A ranar 26 ga Yunin 1974, a wani kanti a jihar Ohayo ta Amurka, aka fara haska zanen layukan nan baƙi da fari da kuke gani a jikin kwali, kuma cingam aka saya. Da haka na'ura za ta iya rage kaya daga lissafi a daidai lokacin da aka sayar. A Jamus kuma, a 1972, mutum biyar da suka bar IBM suka kafa SAP, wanda ya shahara da manhajar da ke haɗa sito da ciniki da albashi da asusu wuri guda.

To ina ruwanmu? Ruwanmu yana bakin iyaka. A 1981 ƙungiyar CEDEAO ta nemi hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen tattara alƙaluman kayan da ke shige da fice. Daga nan aka samu manhajar da masu Faransanci ke kira SYDONIA, masu Ingilishi ASYCUDA, wadda ƙasashe da yankuna fiye da 90 suka ɗauka, har da Nijar da Cadi. Ita ke karɓar bayanin kayanka, ta lissafa kuɗin duwan, ta jefa ka layin kore ka wuce, ko rawaya a duba takardu, ko ja a sauke kaya. Makiyaya ma an yi musu tasu: a 1998 shugabannin CEDEAO suka amince da takardar ƙetara iyaka da dabbobi, mai ɗauke da yawan garke da irin dabbobin, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za a bi.

Mun sani makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, kuma yana da dalili. Zamanin jangali, ƙirga na nufin biya, har aka saba kora rabin garke daji in an ji masu ƙidaya na tafe. Amma ku lura da wanda curin Nuzi ya kare: ya kare mai dukiya, ya kuma kare makiyayin daga a ce an ba shi 60 alhali 50 ya karɓa. Yau mai duwan yana da lissafinsa, mai mota yana da nasa, dillali yana da nasa. In kai ba ka da naka, na wani za ka karɓa, ko da ƙarya ne.

Ba sai ka sayi kwamfuta ba. Littafin ƴan lakwal ya isa, da boko ko da ajami, ko ka ɗauki murya a waya. Rubuta abin da ya fita da ranar da ya fita da hannun da ya karɓa, a gaban shaida. Kafin kamyo ya tashi ka ƙirga buhu, in ya sauka a sake ƙirgawa. Duk wata ka shiga mangaza ka gwada abin da ke ƙasa da abin da ke takarda. Hajiya mai sarin atamfa, ki raba uwar kuɗi da riba a shafi biyu. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa, amma ya riƙa sa wa ana karanta masa.

Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya yi wa garke albarka, ya tsare hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.