Yadda Gwanintar Sulhu Ke Girma a Ƙasar Lafiya

Ranar 1 ga Nuwamba 2017 dokar hana kiwon sake ta fara aiki a Jihar Binuwai, garkuna suka yi ta kwararowa kudancin Nasarawa ta Awe da Keana da Doma da Obi. Wannan sauyi ya gwada tsohuwar hanyar sasanta manomi da makiyayi a ƙasar Lafiya, ya kuma nuna cewa iya warware matsala tare abu ne mai hawa-hawa.

A matakin farko kowa kukansa yake kaiwa. Manomi ya ce an cinye masa riɗi, makiyayi ya ce an nome burtali, dagaci ya yanke diyya, a watse kowa da ƙullinsa a zuci.

Gwaninta tana fara bayyana ne ranar da aka daina shari'a daga zaure, aka taka zuwa gonar. Dagaci da arɗo da mai gona su bi sawun kofato, su ƙirga kunyoyin doyar da aka tattake, su duba ko saiwar ta karye ko ganye kawai aka ci. A nan gardama ke sauka daga "mutanenku" zuwa "kunya nawa". Wanda bai taɓa ganin irin wannan kiyasi ba zai raina shi, amma da shi ake gina yarda, domin ido ɗaya kowa ya yi shaida da shi.

Sama da wannan shi ne shiri tun kafin ɓarna: yaushe za a saki shanu, ta ina za su bi zuwa mashaya. Sai dai al'adar can arewa ta jiran a kwashe gero da dawa ba ta wadatar a nan, tunda rogo yana kwana a ƙasa har rani, noman fadama kuma yana tare bakin ruwa.

Mataki mafi wuya shi ne wanda 2017 ta tilasta. Baƙon makiyayi ba ya ƙarƙashin arɗon gari, bai san iyakar da aka shata ba, gobe ma yana iya yin gaba. Zaman sulhun da ya ƙware shi ne mai aika wa baƙo tun ranar saukarsa, ya nemi wanda zai tsaya masa, ya kuma sake duba yarjejeniyarsa kowace kaka. Ya kamata masarautu da ƙananan hukumomi su riƙa auna kwamitin sulhu da wannan, ba da yawan ƙarar da ya kashe ba.