Rabon Riba da Rabon Asara a Dukiyar Ruwa ta Tarayya: Daga Farautar Wel zuwa Kifin Tafkin Chadi

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta Hukumar Farautar Wel ta Duniya da Hukumar Raya Tafkin Chadi. Hujjarta ita ce yarjejeniya kan dukiyar da ba ta da mai ita guda ba ta ɗorewa sai an fayyace wanda zai ci riba da wanda zai ɗauki asara.

Darasin teku

Wel dabba ce mai shayarwa, mafi girma a teku, kuma tana jinkirin haihuwa. An kafa hukumarta a 1946, aka ware adadi guda na abin da za a kama a tekun Antaktika, ba tare da an ba kowace ƙasa kasonta ba. Sai aka shiga rige-rige, kowane jirgi na hanzarin cika cikinsa kafin a rufe kaka. A 1973 Colin Clark ya nuna lissafin da ke ƙarƙashin wannan: idan dabba na hayayyafa a hankali fiye da yadda kuɗi ke haihuwa a banki, mafarauci ya fi cin riba in ya ƙarar da ita. An amince da dakatar da farautar kasuwanci a 1982, ta fara aiki a 1986, Japan kuma ta fice daga hukumar a 2019.

Tafkin Chadi da Kano

Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru sun kafa hukumar tafkin a ranar 22 ga Mayu 1964, lokacin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan, masunta suka bi shi har Darak, abin da ya zama rikicin iyaka tsakanin Najeriya da Kamaru da Kotun Duniya ta yanke a 2002.

Tarwaɗa da ƙarfasa ba su da matsalar wel, domin suna yawan ƙwai. Abin da suke buƙata shi ne ambaliyar damina ta mamaye fadama su hayayyafa, a kuma daina tare bakin ruwa da dumba, wato jerin gurar Mali da ke kama babba da ƙarami.

A nan Kano ta shigo. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ruwan da ke gangarawa fadamar Haɗeja da Nguru zuwa Komadugu Yobe. Gaskiya ne Shari da Logon ne ke kawo mafi yawan ruwan tafkin, amma ga masuncin Diffa ko Gashua, Yobe ce rayuwarsa. Binciken Edward Barbier a shekarun 1990 ya gano cewa ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani, in aka haɗa kifi da noma da itace, fiye da wanda aka tsare don noman rani a sama. Magidancin Giginyu a Kano yana kan ɓangarorin biyu: yana cin tumatirin noman rani na Kadawa da arha, sannan yana biyan tsadar bandar da ake saukewa cikin kwalaye daga Baga.

Kammalawa

Kundin Ruwa na hukumar tafkin na 2012 ya tanadi raba ruwa bisa adalci, sai dai takarda ba ta buɗe ƙofar madatsa. Muna ba da shawarar a ɗaure hukumomin madatsun da jadawalin sakin ruwa na kowace damina, a sa sarakunan ruwa cikin sa ido, a kuma biya masunta diyya a duk watan da aka hana su kamu.